Ɗaci da Tsami: Yadda Ake Auna Abin Sha da Harshe

Idan aka jiƙa hatsi, aka markaɗa shi, aka dama da tafasasshen ruwa, sa'an nan aka rufe aka bar shi ya kwana, ba zai wayi gari yadda aka bar shi ba. Wasu halittu ƙanana waɗanda ido ba ya iya gani za su faɗa masa cikin dare, su ci sukarin da ke cikinsa, su bar wani abu a madadinsa. Irin halittun da suka yi rinjaye da irin abin da suka bari su ne ke sa a kira abin shan kunun zaƙi a Katuru da Shinkafi, a kira shi burkutu a wasu sassan ƙasar nan, ko kuma a kira wani danginsa bita a Ingila, watau giya mai ɗaci. Matar da ke dama kunun sayarwa a Zurmi ba ta da madubin ganin ƙananan halittu, ba ta kuma da na'urar auna asid. Harshenta da hancinta su ne kayan awonta, da su take yanke hukuncin cewa kunu ya yi, ko bai yi ba, ko ya wuce. Wannan darasi zai duba yadda wannan awo yake aiki, da inda za a dogara da shi, da inda yake yaudarar mai shi.

Za a ga muna yawan ambaton giyar Turai. Musulunci ya haramta giya, kuma Jihar Zamfara ta hana sayar da ita da shan ta tun da aka fara aiki da shari'ar Musulunci a jihar a shekarar 2000. Dalilin ambatonta shi ne, kaso mai yawa na ilimin da ake koyarwa yau game da ruɓar da hatsi da auna ɗanɗano daga ɗakunan binciken kamfanonin giya ya fito. Louis Pasteur ya wallafa littafi guda a kan cututtukan giya a 1876. A ɗakin binciken Carlsberg na ƙasar Denmak Emil Hansen ya fara ware tsantsar yis iri guda a 1883, kuma a nan ne Sørensen ya ƙirƙiro ma'aunin pH a 1909, wanda kowane ɗalibin kimiyyar sinadarai yake haddacewa. Ɗalibin da ya san wannan zai fi fahimtar tukunyar kunun gidansu.

Daga sitaci zuwa sukari

Ƙwayar gero ko dawa rumbu ce ƙarama cike da sitaci, wanda tsiro zai ci kafin ya fitar da ganye. Sitaci ba shi da zaƙi, domin sarƙa ce mai tsawo ta ƙwayoyin gulukos, ta kuma yi girman da ba za ta dace da ma'ajin zaƙi na harshe ba. Sai an daddatsa sarƙar. Mai wannan aiki wani sinadari ne daga dangin enzayim, ana kiransa amilez. Akwai shi a cikin miyau, shi ya sa lomar tuwo ko burodi take ɗan zaƙi idan aka daɗe ana taunawa. Hatsi kuwa yana samar da nasa ne idan ya fara tsira, haka nan akwai shi da yawa a cikin dankalin Hausa.

A dubi hikimar da ke cikin damun kunun zaƙi. Bayan an jiƙa gero, an markaɗa shi tare da citta da kanumfari da ɗan barkono, sai a raba ƙullun gida biyu. Babban kason a zuba masa tafasasshen ruwa ya yi kauri. Ƙaramin kason a bar shi ɗanye, a haɗa shi da niƙaƙƙen tsiro ko dankali, a jira wancan ya ɗan huce kafin a gauraya su. Cikin ɗan lokaci kaurin nan zai sake, kunu ya tsinke, zaƙi ya fito. Abin da ya faru shi ne, sitacin dawa da gero ba ya buɗewa sosai sai zafi ya kai wajen digiri 70 na santigired ko fiye, alhali kuwa amilez yana fara lalacewa a daidai wannan zafi. Da za a dafa komai tare, da enzayim ya mutu kafin sitaci ya nuna. Rabawar nan ita ce ta warware matsalar. Lokacin da gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin giya da na abin shan malt suka koma ga dawa, irin wannan matsala suka ci karo da ita, domin sitacin sha'ir yana buɗewa a zafin da bai kai na dawa ba. Ɗaya daga cikin dabarun da aka yi amfani da su ita ce a tsiyaye ruwan da ke ɗauke da enzayim a ajiye gefe, a dafa sitacin shi kaɗai, a bari ya huce, a mayar da ruwan. Matanmu sun riga su. Daga cikin irin dawar da aka fi dogara da su a wancan lokaci akwai gajeruwar kaura mai lamba SK5912, wadda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta fitar.

Inda hanya ta rabu

Da zarar sukari ya samu, sai masu cinsa su hallara. Manyansu iri biyu ne. Na farko bakteriya ne masu mayar da sukari asid mai suna laktik, irin asid ɗin da ke sa madara ta zama nono. Mafi shahara a cikinsu dangin Lactobacillus ne. Na biyu kuwa yis ne, ɗan'uwan wanda ake sa wa burodi, wanda ke mayar da sukari barasa da iskar kabon-dayoksaid. Lissafinsa mai sauƙi ne: giram 180 na gulukos, idan yis ya cinye shi duka, yana ba da giram 92 na barasa da giram 88 na iska.

A daren farko bakteriya ne ke da rinjaye a tukunyar kunu, saboda sun fi saurin hayayyafa. Kafin gari ya waye sun saukar da pH daga wajen 6 zuwa wajen 4, kunu ya sami ɗan tsaminsa mai daɗi. Wannan tsami kariya ce, domin yawancin ƙwayoyin da ke kawo cutar ciki ba sa iya yaɗuwa sosai a cikin asid. Shi kuwa yis bai damu da asid ba. Yana nan yana jiran lokaci, kuma idan aka ƙara wa kunu sukarin kanti aka ɗura shi a gora aka bar shi cikin zafin bazara, wanda a Shinkafi da Ƙauran Namoda yakan haura digiri 40 a watan Afrilu, to an shirya masa liyafa. Gorar roba da ta kumbura, ko ta yi huci da aka buɗe murfinta, shaida ce cewa ana samar da iska a ciki. Kunun da aka dama jiya aka sha yau, barasar da ke cikinsa ba ta taka kara ta karya ba. Wanda ya yi kwana biyu ko uku ba cikin sanyi ba kuwa ya fara bin hanyar burkutu, wanda shi ma tsami yake fara yi kafin yis ya karɓi aiki. Hukuncin shan irin wannan na malaman fiƙihu ne. Abin da masanin halittu zai ce shi ne, tazarar da ke tsakanin kunu da giya lokaci ne da zafi, ba wani hatsi na daban ba.

Mai dafa giya a Ingila yana bin akasin hanyar mai kunu. Shi yis kaɗai yake so, bakteriyan tsami kuwa abokan gabarsa ne, don idan suka shiga tukunyarsa ta lalace. Makaminsa furen wata shuka ce mai yaɗo da ake kira hof, wadda masana suka laƙaba wa Humulus lupulus, ta kuma shigo cikin sana'ar a Ingila daga tsallaken teku a ƙarni na 15. A cikin furen akwai wani ƙaro. Idan aka tafasa shi cikin ruwan tsiro na kimanin awa guda, sinadaran ƙaron sukan sake siffa su narke, su zama masu tsananin ɗaci, kuma su ne ke hana dangin Lactobacillus sakat. Ashe ke nan hatsi guda ne aka kare ta hanyoyi biyu. Mu mun gayyato bakteriya sun yi mana katanga da tsami, su kuwa sun kore su da ɗaci. Da farko don adana abin sha aka nemi ɗacin, daga baya baki ya saba har ya zama shi ake nema, kamar yadda mai cin goro ba ya neman zaƙi a cikinsa. Hof ba shukar ƙasashe masu zafi ba ce, shi ya sa masu bincike a jami'o'in Nijeriya suka yi ta gwada shuwaka da namijin goro da dogon yaro ko za su iya maye gurbinta.

Masu wannan sana'a sun ƙirƙiro ma'aunin ɗaci da suke taƙaita sunansa da IBU. Maki ɗaya yana daidai da kimanin miligiram ɗaya na sinadarin hof a cikin lita guda, kuma da na'urar auna haske ake gano shi. Bita ta Ingila takan kasance tsakanin maki 25 da 40. To amma sun daɗe da lura cewa giya biyu masu maki ɗaya suna iya bambanta ƙwarai a baki. Wadda sukari ya saura a cikinta ba a jin ɗacinta sosai. Wadda aka dafa da ruwan garin Burton, mai ɗauke da gishirin jifsam, ɗacinta ya fi kaifi, har wasu garuruwa suka riƙa zuba wa ruwansu jifsam don su kwaikwaye shi. Duk wanda ya taɓa shan kunun da aka dama da ruwan rijiya mai zartsi ya san ruwa ba ɗan kallo ba ne. Saboda haka, duk da na'urorinsu, har yau alƙalan gasar ƙananan masu dafa giya a Ingila da baki suke yanke hukunci: su dubi launi da kumfa, su sansana, su kurɓa, su jira su ji abin da ya saura a maƙogwaro.

Abin da harshe ke ji

Ƙananan tudun da ake gani a kan harshe ba su ne ma'ajin ɗanɗano ba. A jikin wasunsu ne ake samun ƙunshin ƙwayoyin halitta masu siffar albasa, kowane ƙunshi da ƙwayoyi 50 zuwa 100, kuma mutum yana da dubbansu a harshe da ganɗa da maƙogwaro. Ƙwayoyin suna mutuwa ana sake su cikin kimanin mako biyu, shi ya sa wanda koko ya ƙona wa harshe yake warkewa. Jijiyoyi uku na kai, ta 7 da ta 9 da ta 10, su ke kai saƙo ƙwaƙwalwa.

Ɗanɗanon da kimiyya ta tabbatar guda biyar ne: zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri, da na biyar wanda Kikunae Ikeda na Japan ya bayyana a 1908 ya kira shi umami. Kada sunan ya ruɗa ɗalibi, shi ne abin da daddawa da romon nama ke ƙara wa miya.

A nan akwai magana ga 'yan'uwana malamai. Har yanzu ana samun littattafan sakandare masu zanen harshe da aka yanka yanki-yanki, wai zaƙi a gaba, tsami da gishiri a gefe, ɗaci a baya. Wannan taswira kuskure ce. Asalinta binciken wani Bajamushe ne, David Hänig, a 1901, wanda ya sami ɗan bambancin ƙarfin ji tsakanin sassan harshe. Edwin Boring na Jami'ar Habad ya sake zana sakamakon a 1942 ta yadda masu karatu suka ɗauka kowane sashe ɗanɗano guda yake ji. Gaskiyar ita ce duk inda akwai ma'aji ana jin duka biyar. Ba a bukatar ɗakin gwaji don rusa taswirar. A tsoma tsinken auduga a ruwan ganyen dogon yaro a taɓa shi a kan tsinin harshen ɗalibi, fuskarsa za ta ba da amsa. A ganina ya fi kyau malami ya gaya wa ɗalibansa cewa ga abin da tsohon littafi ya ce, ga kuma abin da gwaji ya nuna, da ya bar su su haddace abin da harshensu ke ƙaryatawa.

Ɗaci ya sha bamban da sauran ta fuska biyu. Ta farko, na'urar karɓar zaƙi iri guda ce tak a jikin mutum, amma ta ɗaci wajen iri 25 ce, waɗanda aka fara ganowa a shekarar 2000. Ta biyu, harshe yana jin ɗaci a ƙanƙanin adadi. Idan aka ƙirga da yawan ƙwayoyin sinadari, adadin kwinin da mutum zai iya ganewa a cikin ruwa ya gaza na sukari fiye da sau dubu. Wanda ya taɓa haɗiye ƙwayar kulorokwin ta maƙale masa ba ya bukatar ƙarin bayani. Dalilin wannan shiri a fili yake. Shuka ba ta iya gudu, don haka da guba take kare kanta, kuma gubobin iri-iri ne, mafi yawansu masu ɗaci. Jiki yana bukatar masu gadi da yawa, masu saurin farkawa. Shi ya sa jariri ke yamutsa fuska ga ɗaci tun ba a koya masa ba, son goro da gauta da miyar shuwaka kuwa sai an girma ake koyonsa.

Sauran abin da muke kira ɗanɗano ba na waɗannan ma'ajin ba ne. Yajin citta da barkono jijiyar jin zafi ce ke ɗaukarsa. Ƙanshin kanumfari hanci ne ke jinsa ta bayan maƙogwaro, ɗalibi ya toshe hancinsa ya kurɓi kunu zai ji zaƙi da tsami kawai, sai ya saki hancin kanumfari ya bayyana. Masu binciken giya sai a ƙarshen shekarun 1970, ƙarƙashin jagorancin Morten Meilgaard, suka tsara jerin kalmomin da alƙalai za su riƙa amfani da su don kowa ya fahimci kowa. Hausa kuwa tana da nata tun tuni, sai dai ba mu tsara su ba. Muna da garɗi, irin na soyayyar gyaɗa. Muna da lami da salaf ga abin da ba shi da armashi, da zartsi ga ruwa, da maƙaƙi ga abin da ke kartar maƙogwaro, da ƙauri ga abin da ya kama a tukunya, da ƙarni, da hamami. Mafi amfani a wannan darasi ita ce bauri. Ɗalibai da yawa suna haɗa bauri da ɗaci, alhali ba hanyarsu ɗaya ba. Bauri taɓawa ce: sinadarin tanin, wanda ke cikin goro da ɗanyar kanya da bagaruwa da fatar wasu nau'o'in dawa masu duhu, yana kama furotin ɗin da ke sa miyau santsi, sai baki ya bushe ya tattare. Shi ne kuma aikin da bagaruwa ke yi wa fata a majema. Harshen da ya raba bauri da ɗaci da kalmomi biyu ya riga ya yi rabin aikin alƙali.

Ɗaci a cikin kunu

A giyar Ingila ɗaci ado ne, a kunun zaƙi kuwa aibi ne, kuma yana da kyau a binciki tushensa. Wani lokaci kanumfari ne ya yi yawa. Wani lokaci hatsin ne ya yi fumfuna a rumbu, wannan kuwa zubarwa ya kamata a yi. Amma akwai tushe na uku wanda ya shafi masu amfani da tsiron dawa.

Busasshiyar ƙwayar dawa ba ta da wata guba. Da zarar ta tsira kuwa, saiwar da ɗan kan da ya fito sukan cika da wani sinadari mai suna durin, wanda Dunstan da Henry suka ware a 1902 suka ba shi suna daga kalmar Larabci ta dawa. Idan aka murƙushe tsiron, wani enzayim da ke cikinsa yana farfasa durin ya saki gubar sayanaid, irin wadda ke cikin rogo mai ɗaci. Wannan guba tana hana ƙwayoyin jiki amfani da iskar oksijin. Makiyaya sun san aikinta ko da ba su san sunanta ba, shi ya sa suke hana dabbobi cin ƙaramar dawa da gyauro, musamman bayan fari. Maganin abin mai sauƙi ne. A shanya tsiron ya bushe sarai, a murza shi tsakanin tafuka ko a turmi, a sheƙe saiwoyi da kawunan, a yi amfani da ƙwayar kaɗai. Wannan yana kawar da mafi yawan gubar, zafi kuma yana korar saura, domin sayanaid tana zama tururi a digiri 26 kacal. Sai dai a tuna cewa a damun kunun zaƙi kason da ke ɗauke da tsiro shi ne ba a tafasawa, don haka murzawar nan ba abin yi wa ƙyuya ba ce. Tsiron gero da na shinkafa da dankali ba su da wannan matsala.

To, me zai hana a ce duk mai dama kunu ta ɗanɗana kawai, in ta ji ɗaci ta zubar? Abin da zai hana shi ne harsuna ba ɗaya ba ne. A 1931 wani masanin sinadarai na kamfanin DuPont a Amurka, Arthur Fox, yana juye garin wani sinadari da ake taƙaita sunansa da PTC, sai ƙurar ta tashi. Abokin aikinsa ya koka da ɗaci, shi kuwa Fox, wanda ya fi kusa da garin, bai ji komai ba. Bincike ya nuna abin gado ne, kuma a 2003 aka gano ƙwayar gadon, mai suna TAS2R38, a kan kuromosom na 7. Kimanin kashi 30 cikin ɗari na Turawa ba sa jin ɗacin PTC. A Afirka ta Yamma marasa jin ba su kai haka yawa ba, amma akwai su. Wannan kuwa guda ce daga cikin 25, wasu daga cikin sauran ma suna da irin nasu bambancin. Ban da gado, tsufa da mura da shan taba da cin goro dab da ɗanɗanawa duk suna dusashe ji. Sukari yana rufe ɗaci, gishiri ma haka. Kurɓa ta uku ba ta kai ta farko ƙarfi ba, domin ma'aji yana gajiya. Idan mutum biyu suka yi gardama a kan ko kunu yana da ɗaci, mai yiwuwa ne kowannensu gaskiya yake faɗa.

Akwai ma abin da babu harshen da ke jinsa. Ƙwayoyin kwalara da taifot ba su da ɗanɗano, kuma ta ruwan da aka sirka kunu da shi bayan ya huce, ko ƙanƙara, ko gorar da ba a wanke ba suke shiga, tsami kuwa rage musu ƙarfi yake yi, ba ya kashe su nan take. Haka nan ƙurar dalma da ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010 ba ta yi wa kowa ɗaci a baki ba.

Gwajin kofi uku

Tun da harshen mutum guda ba abin dogaro ba ne, sai a tara harsuna da yawa a yi musu tambayar da ba ta da wurin zamewa. Masu binciken Carlsberg suna cikin waɗanda suka fara tsara wannan hanya a shekarun 1940, kuma yau kamfanonin abinci a ko'ina suna amfani da ita. Lissafin gane ko sakamakon ƙaramin gwaji gaskiya ne ko dace, shi ma wani ma'aikacin Guinness a Dablin, William Gosset, ya ba da babbar gudummawa a kansa a 1908. Kowace makarantar sakandare za ta iya yin gwajin da kuɗi kaɗan.

A zaɓi tambaya guda. Alal misali, shin ana iya bambanta kunun da ya yi awa 8 a rufe da wanda ya yi awa 14? A dama kunu guda da tafasasshen ruwa, a raba shi biyu, a bar komai daidai in ban da lokacin. Wanda ya cika awa 8 a sa shi cikin sanyi don aikin bakteriya ya tsaya, sa'an nan a fito da shi da wuri domin duka biyun su zo da ɗumi ɗaya lokacin sha. A ba kowane ɗalibi kofi uku, biyu daga tukunya guda, ɗaya daga ɗayar, a ce ya nuna wanda ya fita daban. Dole ya zaɓa ko da bai tabbata ba. Kada a rubuta wa kofuna 1, 2, 3 ko A, B, C, domin mutane suna karkata ga na farko. A ba kowane kofi lamba mai alƙaluma uku, kamar 417 ko 862, malami kaɗai ya san ma'anarsu, kuma wanda ke miƙa kofunan kada ya sani. A riƙa sauya jeri, rabin aji su sami kofi biyu na mai awa 8, rabi su sami biyu na mai awa 14. A kurkure baki da ruwa tsakanin kofi da kofi. Kowa ya rubuta amsarsa shi kaɗai, ba magana, ba kallon fuskar maƙwabci, domin idan ɗan gaban aji ya yamutsa fuska rabin aji za su ji tsamin da babu shi.

Wanda ya yi cinke kawai yana da damar dacewa sau ɗaya cikin uku. Saboda haka a ajin ɗalibai 24, mutum 8 za su iya cin amsa ko da kofunan ruwan randa guda ne. Sai masu amsa daidai sun kai 13 za a ce akwai bambanci na gaske, ma'ana damar a sami irin wannan sakamako bisa dace ba ta kai kashi 5 cikin ɗari ba. A ajin mutum 18 ana bukatar 10, a na mutum 30 ana bukatar 15. Idan ba a kai adadin ba, ba a tabbatar da cewa kunun biyu ɗaya ne ba, an dai kasa nuna bambancinsu da wannan adadin mutane.

Gwajin bai ce wane kunu ya fi daɗi ba, wannan tambaya ce ta daban, kuma kada a haɗa su a takarda guda. Bayan an tattara amsoshi ne za a nemi waɗanda suka ci su bayyana abin da suka ji da kalmomin Hausa, tsami ne ko bauri ko maƙaƙi ko hamami, a rubuta a allo a ga kalmar da ta fi maimaituwa. Sa'an nan a tsoma takardar auna pH a tukwanen biyu a kwatanta da abin da harsuna suka faɗa. Ragowar kunun kuma kada a zubar. A ɗura shi a kwalabe biyu, a ƙara wa ɗaya cokali biyu na sukari, a ɗaura balan-balan a bakin kowace, a ajiye su a inuwa, ɗalibai su riƙa auna kewayen balan-balan da zare safe da yamma har kwana uku. Iskar da ta taru a bi da ita ta cikin ruwan farar ƙasa da aka tace, zai yi fari kamar madara idan kabon-dayoksaid ce. Abin da ke cikin kwalaben bayan kwana uku na sansanawa ne da awo, ba na sha ba.